Tsakuwa Bakwai a Faifan Ummulkhairi

Ummulkhairi taubashiyata ce. Uwarta, Goggo Adama, ƙanwar babana ce uwa ɗaya uba ɗaya, don haka tun ina tatata aka sanar da ni cewa baiwata ce, duk da ta girme ni da shekara goma sha ɗaya kuma a bayanta na yi wayo. Ni ɗan namiji, ita 'yar mace. Ba ni na kafa dokar ba, tarar da ita na yi. Ban taɓa kiranta da sunanta na yanka ba sai yau da nake rubuta shi, shekara guda bayan mun kai ta makwancinta. "Baiwa" nake ce mata, ita kuma ta ce mini "Maƙaryacin Kawu". Sunana Hambali, amma ko ni na san ba ta zalunce ni ba.

A garinmu, tsakanin Kura da Bunkure inda kanal ya ratsa gonaki, duk macen da ke da ƙarfi a jika, gumin shinkafa take yi. A sayi shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, a jiƙa, a turara a rabin ganga, a shanya, a kai inji a cashe. Wannan kowa ya iya. Inda ake barin mata a baya shi ne tsinta, don shinkafar da aka buge a ƙasa aka shanya a bakin hanya ba ta rabuwa da tsakuwa. A nan Allah ya ba Ummulkhairi nata rabon. Ido gare ta. Na sha rantsuwa a majalisa cewa tana zaune a tsakar gidanta za ta karanta maka lambar motar da ta wuce a titin Zariya, har ta gaya maka ko direban ya yi aski. Wannan ƙari ne. Amma allurar unguwa kaf ita ke zura wa zare, kuma shinkafar da ta bi ta faifanta, rufe ido za ka yi ka tauna.

Da wannan idon ta riƙe 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta, Malam Iliyasu. Bai bar mata gona ba, bai bar mata shanu ba. Suna kawai gare ta: "Shinkafar Ummulkhairi ba a sake tsinta."

Muna da wani wasa ni da ita tun ina ɗan makaranta. In na biyo ta bakin kanal sai in tsinci jajayen tsakuwa ƙanana guda bakwai, in lallaɓo, in watsa mata cikin faifai, in cakuɗa. Ba ta ko ɗaga kai. Tana hira, yatsunta na tafiya, sai ka ji tau a goshina. Ɗaya. Tau a kunne. Biyu. Haka za ta jefe ni da su har bakwai. Wani lokaci in zuba shida in ce bakwai ne, don ta wuni tana nema. Sai ta kaɗa faifan sau biyu ta ce, "Buɗe hannunka na hagu, ɓarawo." Na girma, na yi aure, na sayi babur, ban daina ba.

Babur ɗin ne ya sa na zama mai kai mata kaya. Babbar mai sayen shinkafarta ita ce Veronica, wadda muke kira Maman Bernice, mutuniyar Filato ce da ke da rumfar abinci kusa da injinan casa a Kura. Direbobi da 'yan dako duk a wurinta suke ci. Shekara goma sha ɗaya tana karɓar shinkafar Ummulkhairi, daga buhu sai wanki sai tukunya. Duk Talata da Asabar ni ke ɗaura buhun a bayan babur in kai.

A shekarar dubu biyu da biyu idon ya fara ja da baya. Ba wanda ya lura sai babbar 'yarta, Ni'imatullahi. Ita ta ga in an kawo allura uwar takan ce hannunta da ruwa, a ba yara. Ita ta ga tana nesanta faifai da fuskarta kamar mai gudun wari. Ta matsa, ta yi kuka, har ta samu ta kai ta asibitin ido a Kano. Suka dawo da tabarau mai kaurin gilashi, ƙafafunsa ruwan ƙasa, cikin ɗan gidansa baƙi.

Gaskiya tabarau bai yi wa mai gumi adalci ba. Wanda ya ƙirƙiro shi bai taɓa tsayawa a kan ganga ba. Da ta ɗaga buhun da aka rufe shanshera da shi, tururi zai bugo, gilashin ya yi fari fat, ta tsaya tana lalube a gaban wuta. Ta cire ta goge da bakin zane, zanen da toka, ya ƙara dusashewa. Hayaƙin ɓuntu ya bi ya lulluɓe shi. In gumi ya keto mata, ya zamo ya tsaya a kan tsinin hanci. Ɗankwali ya danne ƙafafunsa a bayan kunne har wurin ya yi ja. In za ta yi alwala ta ajiye shi a kan randa, ta idar da salla ta manta, a tashi gida kaf ana nema, alhali ita mai neman ba ta gani sai da shi. Ta gwada salla da shi, ya faɗi a sujada. Ran da ta fara taka katakon da aka gitta a kan ƙaramin kanal da shi a fuska, ta ce ƙasa ta taso mata, ta koma da baya ta zauna. Jikanta kuwa, in ta ɗauke shi, ba abin da yake kai wa hannu sai shi.

Ga kuma bakin mutane. Wata ta ce in ido ya saba da gilashi mutuwa yake yi gaba ɗaya. Wata ta ce ita ma ƙanin mijinta ya sa na wata uku, yanzu da sanda ake jansa. Wata ta ce ai zuma da kwalli sun fi.

Duk da haka tana sawa. Sati uku ta yi tana fama da shi a cikin gida. Abin da ya cire mata shi, ni ne.

Sunan ɗan maƙwabcinta ake yi, mata sun cika tsakar gida, ita ce a kan tukunya. Ranar ta fara fitowa da shi cikin jama'a. Na shigo kawo itace, na hango ta, shaiɗan ya hau kaina. Na ajiye itacen, na durƙusa har ƙasa.

"Ranki ya daɗe, Likita! Yaushe aka sauka daga Ingila? Jama'a a matsa, a ba Ido Huɗu hanya! Baiwa, da ido biyu kina hango Zariya, yanzu ai sai Makka. Duba mana ko alhazai sun sauko daga Arfa."

Gida ya ɗauka. Wata har da faɗuwa a kan tabarma. Na samu abin da nake so, na ƙara wuta: na ce gilashin ya kai gindin kwalba kauri, na ce in rana ta bugo shi zai kunna wa maƙwabta danga. Ita ma ta yi dariya, ta ɗaga muciya ta biyo ni har zaure tana cewa, "Kawu dai ya haifa wa duniya masifa." Yara suka ɗauki sunan kafin la'asar. Washegari tabarau ya shiga gidansa, gidansa ya shiga kwalla, kwalla ta hau saman jere.

Ni'imatullahi ta yi magana har ta gaji. Kullum da amsar da za a ba ta. Yau tururi, gobe ciwon kai, jibi "na ji sauƙi ai, idon ya washe". Ni kuwa ko a jikina. In na zo ɗaukar buhu ma tambaya nake, "Ina ido biyun da kika ba kwalla ajiya?" Wasan tsakuwa ne kawai ya mutu, don duk lokacin da na zo sai in tarar ta kife faifai, wai ta gama. Ban kawo komai a raina ba.

Shekara uku aka yi a haka.

Wata Talata bayan an girbe shinkafar damina, na kai buhu Kura. Na sauke, zan juya, Maman Bernice ta ce, "Hambali, zo ta baya." Ta kai ni bayan rumfa inda ba kowa. Na ga tire babba da shinkafa a baje, ga kujera 'yar tsugune, ga tabarau nata na karanta Littafi Mai Tsarki ɗaure da zare. Ta miƙo mini gwangwanin madara. Na girgiza, na ji kacau-kacau. Ya kusa cika da tsakuwa.

"Na wata huɗu ne wannan," in ji ta. "Tun bara nake sake tsinta da kaina kafin in ɗora. Ban gaya wa kowa ba. Amma ranar Asabar aiki ya yi mini yawa, na zuba yadda na saba a da. Wani direba ya tauna, haƙorinsa ya tsage, ya tofar da jini a gaban mutane. Ya tambaye ni shinkafar wa ce. Na ce tawa ce."



"Ba na so in bar ta," ta ce. "Lokacin da na zo garin nan ban san kowa ba, ita ta fara ce mini 'yar'uwa. Amma bayana ya gaji, ni ma ga shekaru. In aka kai ƙarshen wata a haka, dole in nemi wata. Kuma in na bar ta, ka san kowa zai tambayi dalili. Ni ba zan iya kallon idonta in faɗa ba. Kai ɗan'uwanta ne."

Tun daga Kura har gida gwangwanin na kacau-kacau a aljihuna. Na tarar da Ummulkhairi tana juya shanya da ƙafa. Na yi sallama yadda mutane ke yi, ba waƙa ba kirari. Na zauna na faɗa mata duk abin da aka ce, na ajiye gwangwanin a gabanta.

Ta buɗe, ta zuba a tafin hannu, ta shafa. Sai ta tuntsire da dariya.

"Kai amma ka ji daɗinka. Wuni nawa ka yi a bakin titi kana tara wannan? Har da direba, har da jini! Haƙori nawa ya zube, talatin?"

"Wallahi, Baiwa, ba wasa nake ba."

"Wallahin nan taka ai ta fi ruwan kanal yawa. Ba kai ka rantse mini kada ya haɗiye injin ban-ruwan abokinka Bilya ba? Ba kai ka ce an yi ruwan kifi a Bunkure ba? Tashi ka ba ni wuri, Maƙaryacin Kawu."

A nan na gane ramin da na haƙa. Tsakanin taubasai ba a fushi, wannan kowa ya sani. Abin da ban taɓa lura ba shi ne, ba a kuma gaskatawa. Shekara talatin da wani abu ina gina bakin da ba a ɗaukar maganarsa, yau ga gaskiya a cikinsa ta rasa ƙofar fita. Na koma Laraba, ta kore ni da tsintsiya tana dariya. Na koma Alhamis, ta ce in na ƙara za ta kai ƙarata wurin matata. Na yi tunanin in sa Ni'imatullahi ta faɗa, sai na ga 'ya ta gaya wa uwarta cewa sunanta ya zube, wannan wuƙa ce da ba za ta zaru ba. Ni na ɓata, ni ya kamata in gyara.

Ranar Juma'a da hantsi na bi ta bakin kanal na tsinci jajayen tsakuwa bakwai. Na sami gidan ba kowa sai ita. Buhun Asabar na jingine a bakin ɗaki, an tsince, saura ɗinki. Na ɗauki faifai, na ɗebo daga cikinsa, na zauna a gabanta. Na buɗe hannuna na ƙirga su a fili, ɗaya bayan ɗaya, ina sa mata a tafin hannu tana ji. Sannan na karɓa na zuba, na cakuɗa, na buɗe mata hannuwana biyu.

"Bakwai ne. Ga goshina."

Ta daɗe tana kallon faifan. Ta san in ta ƙi, ta amsa. Ta jawo shi.

Da can kafin a karanta Fatiha ta gama. Ranar na ga yatsun nan suna bin shinkafa a hankali, ba ido ke jansu ba, su ke jan ido. Ta sami ɗaya. Ba ta jefe ni ba, ta ajiye a gefen tabarma. Ta sami ta biyu, ta uku. Ta kaɗa, ta baje, ta sake bi. Inuwar ɗaki ta janye daga kanmu, rana ta same mu, ba wanda ya matsa. Ta huɗu. Ina kallon sauran ukun, jajaye, a fili, ɗaya ma a ƙarƙashin babban yatsanta.

"Huɗu ka zuba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Buɗe hannunka na hagu."

Na buɗe.

Ban san inda na sami ƙarfin hali ba. Na shiga ɗakinta, na sauko da kwalla, na ciro tabarau. Na goge da rigata ta Juma'a, na durƙusa, wannan karon ba da iskanci ba, na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ba ta dube ni ba. Ta sa.

Nan take ta ɗauke jajayen ukun, tsaf-tsaf-tsaf. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga hannunta bai tsaya ba. Ta ciro wata, fara, daidai tsawon karyayyar shinkafa. Wannan ba tawa ba ce, ni ja na kawo, ita ma ta sani. Ta ciro wata. Ta ciro wata. Ta jera su daban, nesa da nawa. A faifai ɗaya, daga buhun da ta gama tsincewa da hannunta, sai da ta fitar da goma sha uku.

Ta zauna tana kallonsu. Hawaye ya taru a ƙasan gilashin, ya sami hanya ta gefen hanci.

"Direban," ta ce, "da gaske jini ya yi?"

"Da gaske."

"Kuma ta ce tata ce."

"Haka ta ce."

Can ta ce, "Kana tsammanin tururi ne ya hana ni sawa? Tururi ai na saba da shi tun kana tsumma. Ran sunan nan da kuka yi dariya, ni ba dariyar na ji ba. Gani na yi mata arba'in sun san idon Ummulkhairi ya tafi. Ni me nake sayarwa in ba ido ba? Shinkafa ai kowa na da ita. Na ce in na ɓoye shi, za a manta."

Na ce, "Ki yafe mini, Yaya." Ban taɓa ce mata Yaya ba.

Ta dube ni ta cikin gilashin nan, idanunta sun yi manya-manya. "Ashe haka ka tsufa? Ji furfura. Shekara uku ina ganinka da sauran kyau." Ta share fuska. "Juye buhun nan. Duka."

Na tafi masallaci na dawo na tarar da ita a kai. Ba ta tashi ba sai da rana ta yi ja.

Da safe na zo ɗaukar kaya, na same ta da mayafi, tabarau a fuska, ta ɗaure ƙafafunsa ta ƙeya da zaren buhu. Ta ce da ita za a je. Na ce buhu da mutum a babur ɗaya? Ta ce ai na sha cewa na taɓa ɗauko sa biyu a kansa. Haka muka ratsa gari, ita a kan buhu, kowa na gani. Daidai bakin kanal wasu yara suka kwasa, "Ido Huɗu! Ido Huɗu!" Na taka burki zan sauka in ci mutuncinsu. Ta dafa kafaɗata.

"Wa za ka daka? Karatunka suke biyawa. Ja mu je."

A Kura ba ta bi ta bayan rumfa ba. Ta gaba ta shiga, direbobi na cin abinci, ta tsaya ta ce, "Ina wanda haƙorinsa ya tsage? Shinkafata ce, ba ta Maman Bernice ba. Idona ne ya gaza na ƙi yarda." Mutumin ba ya nan, amma maganar ta same shi, daga baya har gida ya aiko cewa ya yafe. Maman Bernice ta fito da ludayi a hannu, suka tsaya suna kallon juna, kowace da zare a ƙeya. Maman Bernice ce ta koya mata a shafa ɗan busasshen sabulu a gilashin a goge, tururi ba ya kama shi sosai. Ta yanka buhun a gabanmu, ta ɗiba, ta wanke, ta zuba a tukunya ba ta duba ba.

Ba zan ce komai ya dawo yadda yake ba. Abin da ta ji tsoro ya faru, rabinsa. Gidaje biyu da ke ba ta aikin shinkafar biki sun janye, suka ce ba sa ba mai ciwon ido. Tabarau bai daina zamowa ba, bai daina ɓata a kan randa ba, jikoki sun karya masa ƙafa ɗaya aka ɗaure da waya. Har ta bar duniya ba ta taka katakon kanal da shi a fuska ba, sai ta cire ta riƙe a hannu. Amma rumfar Kura ba ta ƙara karɓar shinkafar kowa ba, kuma ba a ƙara tauna tsakuwa a cikinta ba.

Sunan kuwa ya ƙi mutuwa. Na bi majalisa-majalisa ina roƙo a bari, aka ɗauka sabon wasa ne. Ta rasu da rani a dubu biyu da takwas, bayan jinyar kwana tara. Ina zaune a zaure wurin karɓar gaisuwa na ji wata mota ta tsaya, wani baƙo daga Dawakin Kudu yana tambayar yara, cikin ladabi, ko nan ne gidan Hajiya Ido Huɗu mai shinkafa. Bai san wasa ba ne. Shi a saninsa sunanta ke nan. Mutanen zaure suka juyo suka dube ni, ba wanda ya yi dariya.

Bayan bakwai, Ni'imatullahi ta kira ni ɗakin. Ta sauko da kwallar nan. Tabarau ba ya ciki, don ita ta ɗauka, ita ke tsintar yanzu kuma nata idon ya fara. Gwangwanin madarar ne a ciki, da wani ƙullin leda daban. Na kwance. Jajaye ne, bakwai.

"Cewa ta yi in ba ka, Kawu Hambali," in ji ta. "Wai ranar ba ta jefe ka da su ba, kada ka ɗauka ta manta."

Allah ya jiƙan Ummulkhairi 'yar Goggo Adama, ya haskaka kabarinta.